Basillar Kawu Barau

Daga Allah muke, kuma gare Shi komawarmu take. Ranar Talata, uku ga watan Agusta na 1976, cikin watan Sha'aban, Allah ya karɓi ran Malam Barau Mai-fito a gidansa da ke bakin kogin Gwaram, bayan jinyar kwana biyar. Ya cika da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan Azahar. Ya bar matarsa Inna Kulu, da 'ya'ya biyu, Sabo da Batulu, da jikoki bakwai. Ya kuma bar ni, Zahara'u, 'yar ƙanwarsa, wadda ya riƙa tun tana da shekara huɗu.

Jama'a suna ƙirga rashinka daga ranar Talata, Kawu. Ni kuwa nawa ya fara ne tun Alhamis ɗin da ta gabace ta, ranar da ka shigo gidana da riga jiƙe, ka ce in ɗauko takarda da fensir. A ranar ka ba ni saƙo zuwa ga maigidana game da jirgin ruwa mai inji da yake shirin saye. Na isar da rabi, na riƙe rabi. Yau kwana shida da rasuwarka, rabin nan yana hannuna, kuma ya hana ni zama wuri ɗaya. Ina tashi daga tabarmar makoki in nufi randa, in isa in manta abin da ya kai ni. Mata suna cewa baƙin ciki ne, suna ba ni haƙuri. Akwai baƙin cikin, amma ba shi kaɗai ba ne.

Kafin in zo kan wannan, wajibi ne in faɗi ko wane ne kai, saboda waɗanda ba su taɓa shiga kwalekwalenka ba.

Shekara talatin da ɗaya ka yi kana fito a kogin nan. Da rani yaro ma yana ratsa shi da ƙafa, amma da zarar damina ta nutsa, sai ya raba gari da gonaki, ya raba mutane da kasuwa, ya raba mara lafiya da mota. A waɗannan watanni kai ne hanya. Cikin shekarun nan duka ba ka taɓa rasa ran mutum a ruwa ba. Akuya ɗaya ce ta taɓa kuɓuce maka, ta wata tsohuwa daga Sara, kuma har ƙarshen rayuwarka kana ambaton akuyar nan kamar 'yar'uwarka ce. Ka biya tsohuwar da tunkiya. Inna Kulu ta ce maka ai tunkiya ta fi akuya tsada, ka ce ai ita ba ta ɗauko akuyarta don ta sayar maka ba.

Ba ka karɓar kuɗin fito daga masu ɗauke da gawa, ko mace mai naƙuda, ko wanda za shi gaida mara lafiya. Wasu sun gane haka, sai ya zama kowa a bakin ruwa yana da ɗan'uwa a asibitin Birnin Kudu. Ka sani sarai. Sai ka ce, "Allah ya ba shi lafiya, shi wannan ɗan'uwan naka da ya shekara uku a kwance," ka miƙa wa mutum hannu ya shiga.

Abu ɗaya ne ba ka yin sassauci a kansa, shi ne kaya. Akwai zane da ka yi da wuƙa a cikin kwalekwalen, in ruwa ya kai daidai shi daga waje, to an gama lodi. Wata rana wani attajirin gyaɗa ya zo da buhuna yana sauri, ya ce zai ninka maka lada. Ka dube shi, ka dubi buhunan, ka ce, "Alhaji, ni na ji, na kuma yarda. Saura ka shawo kan kogin." Ya yi fushi ya zauna a kan buhunsa har ka je ka dawo sau biyu. Shi ne wanda ya fara zuwa gaisuwa ranar Laraba.

A ƙuruciyarka ka yi shekara tara a Baga, a bakin tafkin Chadi, ka sake komawa wasu lokuta da rani. A can ka koyi jirgin katako, a can kuma daga baya ka san inji a hannun abokinka Barnabas makanike, wanda yanzu yake gyaran injinan niƙa a Birnin Kudu. Kai ka koya masa jin muryar katako, shi ya koya maka jin muryar ƙarfe. Ko da ya zo gaisuwa, ya gaya wa Sabo cewa bai taɓa ganin mutumin da ke sauraron abu kamar ka ba.

Ni kuwa, abin da ka yi mini ba ya ƙirguwa. Mahaifina ya rasu, mahaifiyata ta bi shi bayan shekara guda, ka ɗauko ni a kafaɗa ka kawo wa Inna Kulu. Ka sa ni makarantar boko a lokacin da maƙwabta ke maka dariya. Duk ran da ka je Birnin Kudu sayen kwalta da ƙusa, sai ka dawo mini da ɗan littafin labari a aljihu, alhali kai ba ka karanta boko. Bangon kawai kake dubawa. Da la'asar sai ka zauna kana toshe ɓarakar kwalekwale da tsumma, ka ce, "Malama Zara, a ci gaba daga inda aka tsaya."

Ba ka taɓa barin labari ya wuce ka lafiya ba. In jarumin ya shiga jirgin ruwa ya yi kwana arba'in yana tafiya, sai ka ɗaga kai ka ce, "Wai shin wa ke kwarfe musu ruwa?" In ce ba a faɗa ba. Ka ce, "To mai littafin nan bai taɓa shiga jirgi ba." Ni kuma ɗokin in kai wurin da masoya za su haɗu yakan sa in haɗa shafi biyu in juya, in wuce wahalar tafiya. Ba ka taɓa kasa kama ni ba. "Koma baya, kin yi tsallake. Yanzu suna cikin daji, yaya aka yi suka isa fada?" In koma ina turo baki. Ka ce mai karanta wa wani ba shi da ikon zaɓa masa abin da zai ji.

Da na yi aure shekara biyu da suka wuce, littattafan nan cike da akwati suka bi ni. Maigidana manomi ne, da damina kuma yana taya ka fito, tun da Sabo ya samu aiki a kamfani a Kano. Kowa ya san shi zai gaje ka a bakin ruwa. Amma zamani ya juya. Tun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, mai keke yana son babur, mai turmi yana son injin niƙa, samari kuma suna jin kunyar gora da filafili.

Farkon daminar bana wani ɗan kasuwa ya kawo tsohon jirgin katako daga Baga a kan babbar mota, da injinsa na ratayawa a baya. Ba zan ambaci sunansa ba, domin kai ma ba za ka ambata ba. Sau ɗaya na ga jirgin, daga ƙofar zaure, lokacin da motar ke wucewa. Shuɗi ne da fari, sabon fenti yana ƙyalli, hancinsa a ɗage. Na tsaya riƙe da tsintsiya har motar ta ɓace. Duk jiragen da na karanta tun ina yarinya ba su da fuska sai a ranar.

Ni na hura wa maigidana wutar sayensa, wannan gaskiya ce. Abin hannunsa bai kai ba, na ce a haɗa da saniyata, gadon mahaifina, wadda ke kiwo a rugar Fulani. Ya ce in an saya zai sa a rubuta sunana a jikinsa. Tun daga nan na daina ganin komai sai jirgin. Ina tuƙa tuwo ina jin ƙarar inji. Na san kogin Gwaram wata huɗu kawai yake ɗaukar jirgi, na kuma san iyakar tafiyarsa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Duk da haka a zuciyata har teku muke kaiwa.

Maigidana ya ce ba zai biya ba sai ka duba. Inna Kulu ta ce kana tari, a bari ka warware. Ni ce na aika maka har sau uku, ina cewa wasu za su riga mu. A na ukun ka ce wa Batulu, "Gaya wa Malama Zara gobe zan je, kada ta cinye ni." Ka tafi ranar Laraba, ka koma ranar Alhamis. Maigidana kuwa ya tafi Birnin Kudu neman durom ɗin fetur, zai kwana uku.

Akwai wata ɗabi'a taka da duk mai sana'ar ruwa a ƙasar nan ya sani. In aka sa ka duba jirgi, ba ka faɗin abin da ka gani a bakin ruwa. Ba ka girgiza kai, ba ka yin tsaki, ba ka amsa tambayar 'yan kallo. Sai ka wanke hannu ka yi sallama, ka je ka gaya wa wanda ya aike ka, shi kaɗai. Ka ce kayan mutum mutuncinsa ne, ba a tona shi a gaban jama'a. Saboda wannan ɗabi'a ne ya zama, a duk faɗin duniya, ni kaɗai na ji hukuncinka.

Ka shigo bayan Azahar, ana yayyafi. Rigarka ta manne a jiki, leɓɓanka sun yi fari. Na ce in hura maka wuta, ka ce takarda tukuna. Ka zauna a kan turmi ka ce, "Mijinki ba ya nan, ni kuma jikin nan ban yarda da shi ba. Rubuta duka, har da yadda ake dubawa, don gaba ba lallai ne ina nan ba." Shafi uku na cika. Zan kwafe su a nan kamar yadda suka fito daga bakinka, domin na gane ba nawa ba ne.

Ka ce: "Kada ka gaya wa mai jirgi lokacin da za ka zo. Ka je da sassafe, ka ɗora tafinka a kan inji. In da ɗumi, an riga an tayar da shi don kada ka ga wahalar tashinsa, ka koma wata rana. In da sanyi, ka ja igiyar da hannunka. Inji mai rai yana gardama da hannu, wanda ya gaji kuwa igiyarsa na zuwa sululu. Wannan ya tashi a ja na uku.

"In ya tashi, kada ka tsaya kallon hayaƙi kawai. Akwai ɗan rami a gefe inda yake fitar da ruwa kamar fitsarin yaro. In yana fita da ƙarfi, injin na shan ruwa yana sanyaya kansa. In ɗigo yake yi, wata rana zai ƙone maka a tsakiyar kogi. Ka cire fulogi ka duba bakinsa, a same shi a bushe, launin ƙasa, ba baƙi yana naso ba. Ka kama farfela ka girgiza ta hagu da dama, kada ta yi lilo. Ka kwance ɗan notin da ke kusa da ita, ka tsiyayi man a murfin kwalba. In kamar zuma yake, lafiya. In ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga. Ka leƙa cikin tankin mai ka ga ko da tsatsa.

"Kada ka yarda a gwada maka shi da mutum biyu, ana bin ruwa. Ka cika shi, ka fuskanci inda ruwa ke tahowa. Ka sa shi gaba, ka sa shi baya, ka kashe shi a tsakiya ka sake tayarwa. Ka tambayi mai shi a wane ruwa ya yi aiki, me ya sa aka rabu da shi, ina takardar saye. Ka tambayi Barnabas ko ana samun kayan gyaransa a Kano, don inji mara kayan gyara ƙarfe ne kawai."

Nan shafi na biyu ya ƙare, da kalmarka: "Injin nan lafiyarsa ƙalau. Ko ni na yi sha'awarsa." Zuciyata ta yi fari. Har na ajiye fensir, ka ce, "Juya takarda, Malama. Inji ba ya ɗaukar mutum, katako ke ɗauka."

Ka ce: "Ka loda masa buhunan yashi daidai nauyin mutanen da zai ɗauka, ka zana gawayi a inda ruwa ya tsaya, ka kwarfe cikinsa tas, ka tafi. Gobe ka dawo ka ga nawa ya sha. Sannan a jawo shi tudu a kife shi, ka bi shi da 'yar guduma daga hanci har gindi. Katako mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, ruɓaɓɓe kuwa muryarsa a toshe take. Ka duba kan ƙusoshi, inda ka ga jan hawaye na gangarowa, ƙusar ta mutu a ciki. Inda duk fenti ya fi kauri, nan za ka fi daɗewa."

Ba a kife maka shi ba. An ce maza duk suna gona, babu masu ja. Shi ya sa ka tuɓe hula ka shiga ruwa har ƙirji, kana shafa cikinsa da hannu taƙi bayan taƙi, kai mai shekara saba'in, da tari a ƙirjinka. Batulu ta ce ka fi sa'a guda a ciki.

Sai ka ciro basillarka daga jaka, wadda kake ɗinkin tsumma da ita, ka nuna mini. Ka ce: "Rubuta wannan da kyau. Katakon baya, inda ake ɗaure inji, shi ke ɗaukar duk ƙarfin turawa. Na sa hannu ƙarƙashin mazaunin baya, kusa da notin da ke riƙe da inji, na caka basilla. Ta shige har ƙota, kamar a cikin kabewa. Na caka a wuri huɗu, duk haka. Fenti ne ke riƙe da shi. A ruwa kwance zai yi mako, zai yi wata. Ran da kogi ya cika, jirgin ya ɗauki 'yan kasuwa, ya buɗe wuta don ya haye igiyar ruwa, injin zai ɓalle da katakon gaba ɗaya. Ruwa ta baya zai shigo, nan kuwa mata masu goyo ke zama. Ban ce mai shi ya sani ba, wataƙila shi ma haka aka sayar masa. Amma ki gaya wa mijinki Badaru kada ya saya, sai in an cire bayan nan duka an sa sabo, ya caka da hannunsa. Wannan kuwa ba aikin bana ba ne."

Na rubuta kowace kalma. Ka sha ruwan zafi, ka tashi, ka ce in gaishe da jarumin littafina. Daren nan zazzaɓi ya kwantar da kai.

Maigidana ya dawo ranar Asabar. Bai ko cire takalmi ba ya ajiye mini ɗan gwangwanin jan fenti a gaba, ya ce don rubuta sunana ne. Sannan ya ce, "Me Baba ya ce?" Shi ajami yake karantawa, ba ya boko. Na ɗauko takardar na karanta masa shafi na ɗaya, na karanta na biyu. Fuskarsa na ta buɗewa. Da na kai inda ka ce ko kai ka yi sha'awar injin, ya yi dariya ya tafa hannu. Ya ce, "Shi ke nan?" Ɗan yatsana yana kan gefen shafi na uku. Na dubi gwangwanin nan. Na ce, "Shi ke nan."

Na ba kaina hujjoji, Kawu, kuma ina jin kunyar su. Na ce kai tsoho ne, ba ka son a ajiye gora. Na ce ai ana iya ƙara ƙusa. Na ce damina ɗaya ce, da rani a gyara. Na ce gobe zan faɗa. A littattafan da na karanta jirgi ba ya nutsewa da mutanen kirki, in ma ya nutse, sukan farka a wani tsibiri.

Ranar Lahadi muka je duba ka. Numfashinka na fita da ƙyar. Maigidana ya durƙusa a bakin ƙofa, ni ina zaune kusa da Inna Kulu ina yi maka fifita. Ka buɗe ido ka ce, "Badaru, ta karanta maka?"

Ya ce, "Ta karanta, Baba. Allah ya saka da alheri."

"Duka?"

"Duka, Baba."

Ka lumshe ido ka ce, "Madalla. Tun tana ƙarama na hana ta tsallake."

Wannan ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinka. Mafici yana hannuna, ban daina fifita ba, ban kuma buɗe baki ba. Ka tafi da kwanciyar hankali cewa saƙonka ya isa. Ni na ba ka wannan kwanciyar hankalin, kuma na ƙarya ne.

Tun ranar nake kai da kawowa. Na buɗe akwatin littattafai na kasa wuce layi biyu. Na sa takardar ƙarƙashin katifa, na ciro ta, na sa ta cikin kwano, na sake cirowa. In na ji ƙarar injin niƙa daga unguwa sai in tuna da jirgin. Kogin kuma kullum ƙaruwa yake, daga tsakar gidanka ana jin sa.

Shekaranjiya Inna Kulu ta kira ni ɗaki ta miƙa mini jakarka ta fata. 'Yar gudumar na ciki, da basillar. Ta ce ka bar wasiyya a ba ni, in ba mijina. Na ciro basillar na duba. A gindinta, wurin ƙota, akwai ragowar shuɗin fenti.

Jiya kuma matan garin Sara suka zo gaisuwa, waɗanda suka shekara da shekaru kana haye da su da ƙwaryar daddawa da kuka. Bayan addu'a hira ta ɗan sake. Wata tsohuwa cikinsu, Dada, ta dafa gwiwata ta ce, "Ke ce matar mai inji? To Allah ya rufe wata ƙofa ya buɗe wata. Mun ji Malam Barau da kansa ya duba shi kafin ya kwanta." Wata ta ce, "Ai in shi ya duba, ko da ido rufe na shiga." Dada ta ce, "Ni dai a ajiye mini mazaunin baya, kusa da injin, in ji ɗumi. Ni da jikata da ɗanta." Aka yi 'yar dariya irin ta gidan makoki. Na tashi kamar zan ɗebo musu ruwa, na tsaya a bayan rumbu har suka tafi.

A nan na ga girman abin da na yi. Ba mijina kaɗai na ruɗa ba. Na ɗauki sunanka, wanda ka gina shekara talatin da ɗaya ba tare da asarar rai ba, na shafa shi a kan ruɓaɓɓen katako kamar yadda aka shafa fentin. Mutane za su shiga jirgin nan saboda kai.

Na san abin da faɗin gaskiya zai jawo. Maigidana ya riga ya ba mai jirgi kalmarsa a gaban mutane, janyewa abin kunya ne gare shi. Zai kuma san cewa matar da yake miƙa wa kowace takarda ta karanta masa ta dube shi ido cikin ido ta ce shi ke nan. Ban san yadda zai ɗauka ba. Ban san ko zai sake yarda da karatuna ba. Mutum ne mai haƙuri, amma ban taɓa gwada haƙurinsa da irin wannan ba.

Na kuma san na saɓa ɗabi'arka da na fitar da shafi na uku fili. Ka gafarce ni. Ban kira sunan kowa ba, ban ce kowa ya yi ha'inci ba. Amma in mu ba mu saya ba wani zai saya, kai kuma ba ka nan balle a aike ka. Duk wanda zai sayi tsohon jirgi, wannan ko wani, ya karanta abin da ka ce, ya je da basillarsa.

Ya Allah, ga bawanka Barau ya zo gare Ka. Ya haye da bayinKa lafiya tsawon rayuwarsa, Ka haye da shi lafiya. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sanya ciwon da ya ɗauka a ruwan nan ya zama kankarar zunubi. Ka saka masa da alheri a kan marainiyar da ya riƙa, kada Ka kama shi da laifinta. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, Ka haɗa shi da iyayena da ya riƙe wa amana.

Inna Kulu, Allah ya ba ki haƙuri, ya ba ki ladan zaman shekara arba'in. Kin ce a bari ya warware, ban bari ba, ki yafe mini. Yaya Sabo da Yaya Batulu, da jikoki, da Malam Barnabas, da masu fito na Gwaram, da duk wanda ya taɓa riƙe hannunsa ya shiga kwalekwale, ina miƙa muku ta'aziyyata, kamar yadda kuka miƙa mini. Allah ya kyautata namu ƙarshen.

Gobe za a yi sadakar bakwai, jibi kuma aka shirya kai saniyata kasuwa. Ɗazu na aika ruga cewa a bar ta a garke. Yau bayan La'asar, in maigidana ya shigo daga zaure, zan ajiye masa jakarka, in ɗauko takardar, in fara daga shafi na uku. Ba za mu sayi jirgin ba.